Zuciya Mai Gyara

Ranar da Jamilatu ta cika kwana goma sha biyu da haihuwa, silifas ɗinta suka ƙi shiga. Ta tura, ta murɗa, ta sake turawa, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki tana kallon yatsunta da suka yi sumul kamar an hura su, sannan ta kira surukarta.

"Inno, zo ki ga ƙafata."

Inno ta taso daga bakin murhu da ludayi a hannu. Tsohuwa ce 'yar firit, wadda ta sha doguwar mota tun daga ƙauyensu na bayan Bichi har unguwar Sabo a Ibadan don kawai ta yi wa matar ɗanta wankan jego, kuma ba da wasa ta zo ba. Ta duƙa ta shafa ƙafar, ta miƙe, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa har kajin maƙwabta suka watse.

"Alhamdu lillahi! Jego ya karɓe ki, 'yar nan. Dubi ƙafa kamar ta matar gwamna. Wa ya ce ba a ƙiba a Kurmi?"

"Inno, numfashina ma ba ya isa ta. In na je bayan gida sai na huta a hanya."

"Nauyin jiki ne. Da kina kamar tsinke ina kika san gajiya? Zo ki sha kununki tun bai huce ba."

Kunun kanwa ne, kuma kanwar ma Inno ce ta zo da abarta a ƙunshe, don ta ce ba ta yarda da wadda Yarbawa ke sa wa miyar ayoyo ba. A wajen Inno, Ibadan ba gari ba ne, rijiya ce. Kullum ruwa, kullum laima, bango na tsatsafa, tabarma na fumfuna, sanyi kuwa yana laɓe a kowane lungu yana jiran mai jego ta yi sake. Saboda haka duk abin da ake yi sau ɗaya a gida, ita ta ninka shi. Safe da yamma a tafasa ruwa a tukunyar ƙarfe, a tsoma ganyen darbejiya a yi ta fyaɗa wa Jamilatu har fata ta yi ja. A fito a kwantar da ita a gadon ƙarfe, a tura kaskon garwashi a ƙarƙashi. Kunu kuma kwano uku a rana, kanwa ta ji har tana ɗaci. Jaririn ma, Abdulsalam, gumi yake yi a ɗakin.

Bayan magariba maigidan ya shigo da ƙunshin tsire. Malam Dabo ke nan, mai gyaran agogo a gefen shataletalen Mokola. Duk Sabo an san kunnensa. In ka kai masa agogo ba ya buɗewa, sai ya kara shi a kunne, ya lumshe ido, ya karkace baki kamar mai ɗanɗana miya, sannan ya gaya maka abin da ke damunsa, kuma a faɗi gaskiya yana dacewa. To amma zamani ya zo masa da agogon batir mai lamba, wanda ko ka kwana da shi a kunne ba zai ce maka uffan ba. Kunnen Malam Dabo ya fara rasa aiki. Ana cikin haka ya tsinci wayar likita a wajen masu sayar da tarkace a kasuwar Ogunpa, irin robar nan mai reshe biyu da ake sa wa a kunne, da ɗan farantin ƙarfe da ake ɗora wa a ƙirji. Ya saya wai don sauraron manyan agogunan bango. Bai yi sati ba ya fara yawo da ita a wuya, 'yan tasi suka sa masa Dakta, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Jamilatu ta bari ya zauna, ya sha ruwa, ya yi wa jariri wasa. Sannan ta ce, "Malam, ina son a kai ni asibiti. Jikin nan ba daidai yake ba."

"Asibiti?" Ya yi dariya ya ɗago robar daga wuyansa. "Ga asibiti nan ya zo har ɗaki. Gyara zama."

Ya cusa reshen nan biyu a kunne, ya ɗora mata farantin a ƙirji, ya lumshe ido. Ta ce, "In na kwanta sai in ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa." Bai ji ba. Ina zai ji? Abin da ba a gaya wa Malam Dabo a kasuwar Ogunpa ba shi ne, wayar nan in ta shiga kunne toshe shi take yi. Bakin matarsa kawai ya gani yana motsi, ya ɗaga mata yatsa alamar ta yi shiru, likita na aiki.

Can sai ya buɗe ido. Ya cire farantin ya ɗora a nasa ƙirjin, ya saurara. Ya kira uwarsa ya ɗora mata, tana zillewa tana cewa abin da sanyi.

"Inno, taki ta tsufa amma tana ba da lokaci daidai. Biyu-biyu, kamar tawa." Ya koma kan Jamilatu, fuskarsa ta cika da murna. "Ikon Allah! Jamila, kin san me na ji? Kowa tasa dum-dum, dum-dum. Ke taki dum-dum-da, dum-dum-da. Uku! Zuciyarki har gyara take bayarwa."

Dole ta yi dariya, duk da dariyar ta ƙare da tari. Sana'arta ƙuli-ƙuli ce, daga cikin gida take yi, kuma daga Sabo har Mokola an san ta da cika hannu. Duk wanda ya saya sai ta ƙara masa biyu ko uku a kai, har matan Yarbawa suka sa mata Iya Jara, don haka suke faɗin gyara a bakinsu.

"Kin gani?" in ji Dabo. "Kin daɗe kina ba mutane gyara, ga shi Allah ya mayar miki a ƙirji. Mai irin wannan zuciya ce za ta je ta bi layi da marasa lafiya? Ci tsirenki."

Ta ci yanka biyu. Na ukun ya tsaya mata a wuya, ta ajiye.

Kwana sha bakwai, tari ya kama ta sosai. Inno ta ce ga shi nan, sanyi ya samu ƙofa, ta ƙara garwashi a kasko ta ƙara kanwa a kunu. Kwana ashirin, kumburi ya hau har fuska, ido ya shige ciki. Matan unguwa da suka shigo gaisuwa suka yi ta santi. Lami, matar mai shayin da ke ɗakin kusa da nasu, ta riƙe haɓa ta ce, "Jamila, don Allah me Malam yake ba ki? In gaya wa nawa ya ji kunya." Maganar ta fita waje, ta isa ƙofar masallaci. Dabo ya riƙa tafiya yana buɗe hannu kamar mai ɗauke da kwarya biyu, ana ce masa ya iya kiwo, yana cewa, "Rufin asiri ne kawai." A ranar ne awarwaron Jamilatu suka nutse a tsintsiyar hannunta, sai da ya kawo ɗan zartonsa na gyaran agogo ya yanke su. Yana yankan yana tsokanarta, wai nan gaba sai an faɗaɗa ƙofa.

Kada wani ya ɗauka Malam Dabo mugu ne. Da mugu ne ma da abin ya zo da sauƙi, da an san sunan da za a kira shi. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai taɓa shigowa hannu rabbana ba, yau kaza, gobe hanta, jibi ƙafar sa. Kullum safe kafin ya fita sai ya yi mata awo, kullum yamma sai ya sake, har da rubuta lokaci a bayan kwalin ashana. Abu ɗaya ne bai yi ba, bai taɓa barin maganarta ta kai ƙarshe ba. Da ta ce "Malam, numfashina," sai ya ce "Bari in ji," ya toshe kunnuwansa.

Ta daina kwanciya. A zaune take barci, ta jingina da buhun gyaɗar da ta saya tun kafin haihuwa, don in bayanta ya taɓa katifa sai ta ji kamar an danna kanta a randa. In tana ba Abdulsalam nono sai ta cire shi ta yi haki, ya tsala kuka, ta mayar. Tsoro ya fara shigarta, tsoro na gaske, irin wanda ba a gaya wa suruka.

Kwana ashirin da huɗu ta sake gwadawa. Wannan karon ta riƙe robar da hannu kafin ya kai ta kunne.

"Malam, don girman Allah. Ko na yini ɗaya ne, a je a dawo."

Inno ce ta amsa daga tsakar gida, don ita kunnenta ba a toshe yake ba. "Mai jego ta fita kafin arba'in? A wane garin? Iska ta buge ta a titi, a dawo a ce ni ban iya wanka ba? Tara na haifa, ban san ƙofar asibiti ba."

"Kin ji," in ji Dabo. "Kuma ke tsaya in tambaye ki. In an je, me likitan zai yi? Wannan wayar dai zai ɗauko, ya ce ki sassauta zane, ƙato da shi, ya ɗora miki a ƙirji ina tsaye ina kallo. To ga wayar, ga kunne wanda ya fi nasa, ga hannun halal. Me ya rage? Juya in ji bayan."

Ta juya. Ya ɗora farantin a ƙasan allon kafaɗarta ya ce ta ja numfashi. Ya daɗe yana saurare.

"Allahu akbar. Inno, zo ki ji. Wani ƙara ƙasa-ƙasa, caɓal-caɓal, kamar ana suyar ƙosai a gidan maƙwabta."

"Nono ne ke kawowa," in ji Inno, ko tasowa ba ta yi ba.

"Shi na faɗa a raina! Jamila, yaron nan ya more. Saura kwana sha shida kacal, ranar arba'in in kina so har gidan namun daji sai in kai ki."

Amsar tana bukatar numfashin da Jamilatu ba ta da shi. Haushi ya cika ta har ta ji hawaye, Inno ta gani ta ce hayaƙin garwashi ne.

Ranar kwana ashirin da tara, da hantsi, aka yi sallama da wata murya mai kauri. Sista Risikatu ce, Bayarbiya 'yar Mokola, tsohuwar nas da ta yi ritaya, wadda ba ta iya shan garin rogo in ba ƙuli-ƙulin Jamilatu a ciki. Wata guda ba ta samu ba, shi ne ta biyo sawu. Ta ɗaga labule tana cewa, "Iya Jara, ka haihu ka manta da mu, abi?" Sai ta yi arba da Jamilatu.

Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi santi ba. Ta ajiye jaka, ta durƙusa, ta danna babban yatsanta a ƙaurin Jamilatu ta ɗaga. Rami ya zauna a wurin kamar an danna tuwo, ya ƙi tasowa. Ta ja tsaki, ta sa ƙafa ta jawo kaskon garwashin daga ƙarƙashin gado ta tura shi waje. Idonta ya faɗa kan wayar likita a rataye jikin ƙusa, don ranar Dabo ya manta da ita.

"Wa ke da wannan?"

"Malam ne. Ya ce zuciyata uku-uku take bugawa. Wai gyara ce."

Sista ta sa wayar a kunne. Ta saurari gaba, ta saurari baya, ta sake komawa gaba. Sannan ta cire ta sa wa Jamilatu a nata kunnen, ta riƙe mata farantin a ƙirji. Karo na farko ke nan da Jamilatu ta ji abin da ake ta yabo. Ba ta ji wata gyara ba. Abin da ta ji ya fi kama da mai gudu da tulu a ka, yana tuntuɓe yana tashi. Sista ta ɗago farantin, kuma da yake yana kusa da bakinta lokacin da ta ce "Kin ji?", sai maganar ta faɗo cikin kan Jamilatu kamar an buga ganga a ɗaki. Ta zabura ta fizge robar.

"Pele, yi haƙuri," in ji Sista. "Haka yake, ƙaramin magana yana mai da shi babba. Saurara, ƙanwata. Wannan ba jara ba ne. Zuciya ya gaji, ruwa ya yi masa yawa, shi ne yake ƙara bugu na uku. Wannan ƙiba duk ruwa ne. Wannan suya da kake ji a baya, ruwa ne cikin huhu. Kanwa yana riƙe ruwa, zafi yana ƙara wa zuciya aiki. Yau za ka tafi asibiti, ba gobe ba."

Inno ta shigo da kaskon a hannu, ta mayar da shi inda yake. "Baiwar Allah, mun gode da ziyara. Saura kwana sha ɗaya."

"Mama, ba zai kai sha ɗaya ba o."

"A'uzu billahi! Bakinki ya sari..." Inno ta haɗiye sauran, ta nuna mata ƙofa da ludayi. Sista ta fita tana faɗa da Yarbanci, amma kafin ta saki labule ta gaya wa Jamilatu gidanta na bayan gidan mai, mai koren ƙyaure, a aiko kowane lokaci.

Da yamma Jamilatu ta kwashe duka ta gaya wa mijinta, tana yi tana hutawa. Abin da ya tsinta a ciki ɗaya ne.

"Ta taɓa mini waya? Da izinin wa?" Ya ɗauko ta yana goge farantin da bakin riga. "Bayarbiya ce za ta koya mana jego? Su da matansu ke komawa kasuwa kwana takwas da haihuwa? Kuma nas ce fa, ba likita ba. Aikinsu wanke miki da ba da allura. Shekara ashirin ina sauraron abu mai bugawa, Jamila. Agogon da zai mutu rage bugu yake yi, ba ƙarawa ba. Kawo ƙirjin."

Safiyar kwana talatin da ɗaya, ta yi tari a tsumma ta ga kumfa mai ruwan hoda. Ta ninke tsumman ta ɓoye a ƙarƙashin cinya. Ta dubi Abdulsalam yana barci da hannu a dunƙule, ta ƙirga kwana tara a yatsunta masu kumburi, ta san ba ta da su. Ta ga ranar arba'in ɗin sarai a idonta: an yi waina, an cika gida, Inno na goye da yaron, ana cewa Allah sarki, ga ta ta yi kyau da jego, ashe ajali ne. Wannan "ashe ajali ne" shi ya fi komai ƙona mata rai.

Dabo ya shigo da shirin fita, hula a karkace, kwalin ashana a hannu. Ya zauna bakin gado.

"Malam..."

"Bari in ji."

Ya cusa wayar a kunne, ya ɗora farantin, ya lumshe ido, ya karkace baki. Jamilatu ta dube shi. Shekara goma sha ɗaya da aure, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a bayan idonsa. In ta ji wani mai suna irin nasa ma sai ta ce mai sunan Malam. Ta sa hannu ta zare farantin daga yatsunsa a hankali, ta ɗago shi daga ƙirjinta, ta kara a leɓenta.

"Dabo. Mutuwa nake yi. Ka kai ni asibiti."

Malam Dabo ya yi tsalle kamar an watsa masa ruwan wankan jego. Hula ta yi gabas, kwalin ashana ya yi yamma, ya buge kaskon garwashi da dunduniya, ya fizge robar ya tsaya yana riƙe da kai. Maganar ba ta kunne ta shiga ba, a tsakiyar ƙoƙon kansa ta fashe, da sunansa a gaba. Ya dubi matarsa, kuma Allah ne shaida, kamar ranar ya fara ganinta: leɓe ya yi toka-toka, jijiyar wuya ta miƙe, kafaɗa na hawa da sauka. Ta zaro tsumman ta shimfiɗa masa a gwiwa.

Ya dubi kumfar da ke jikin tsumman. Ya fita ba hula, Inno na bin sa tana "Saura tara! Saura tara fa!", ya tsaya tsakiyar titi ya tare tasi da hannu biyu. Lami ta ruga ta kira Sista Risikatu. Aka fito da Jamilatu ba takalmi, don babu wanda zai shige ta a duk gidan.

Likitan namiji ne, saurayi ma, kuma abin da Dabo ya faɗa shi ya yi: ya ɗauko waya ya ɗora mata a ƙirji. Sama ba ta faɗo ba. Bai yi minti ɗaya ba ya ɗago ya fara ba da umarni, nas-nas suka hau gudu. Dabo, da hankalinsa ya ɗan dawo, sai halin ya motsa. Ya matsa ya ce da Yarbancinsa na kasuwa, "Likita, ka ji na ukun? Dum-dum-da? Ni na fara gano shi."

Likita ya juyo. "Kai ka ji shi? Tun yaushe?"

"Tun tana kwana sha biyu. Ga shi ma na rubuta." Ya laluba aljihu, ya tuna kwalin na ɗaki.

"Yau kwana nawa?"

"Talatin da ɗaya."

Likita ya dube shi, ya dubi Sista, ya sake dubansa. "Kunnenka yana da kyau, Baba. Ɗalibaina da yawa ba sa kama wannan bugun. Kwana sha tara kana jin zuciya tana neman taimako. Me ka ɗauka take cewa?"

Dabo ya buɗe baki. Kalmar gyara tana nan a kan harshensa, amma ko shi ya san ba ta faɗuwa a wannan ɗakin. Ya mayar da bakin ya rufe.

Aka hana kanwa, aka hana gishiri, aka yi mata allurar da ta sa ta yini tana neman tasar fitsari. Cikin kwana biyar ƙibar da aka yi wa guɗa ta tsiyaye tas, Jamilatu ta koma tsinkenta. Inno ta zo dubiya ta tsaya daga nesa tana tafa hannu. "Wata guda ina wahala, itace nawa, kanwa nawa, sun sa ta fitsarar a sati ɗaya!" A gadon asibiti aka yi arba'in. An yi wainar a gida duk da haka, don an riga an jiƙa shinkafa.

Ta dawo gida da ranta, da ƙunshin ƙwayoyi, da sharaɗi. Likita ya ce da an kawo ta a satin farko da wataƙila zuciyar ta koma yadda take, yanzu kuwa sai dai lallaɓawa. Ba tsayuwa a kan wuta, ba matsar mai, ba ɗaukar abu mai nauyi, maganar wata haihuwa kuma a ajiye ta tukuna. Buhun gyaɗar da ta yi jinya a jikinsa Lami aka ba. Matan Mokola suka yi ta zuwa neman Iya Jara suna komawa, har suka daina. Abdulsalam ya fara rarrafe, uwarsa na zaune tana kallo wasu na cafko mata shi.

To ka san abin da ake zance a Sabo? Ba zuciyar Jamilatu ba. Kunnen Malam Dabo. Ya yi kwana uku yana cewa yana jin ƙara, ya sa auduga, maza suka riƙa tsayawa a teburinsa suna yi masa sannu. A bakinsa labarin ya zama shi ne ya gano ciwon, har likita ya yaba kunnensa a gaban jama'a, kuma wannan ɗin ba ƙarya ya yi ba. Inno ta koma gida da nata labarin, cewa yarinya tana ƙalau sai da ta taka titi kafin arba'in. Matan unguwa kuma abin da ya tsaya musu shi ne, mace ta kama sunan mijinta gatsau, ta kuma zabga masa ihu a kunne. Ban ji wanda ya tambayi sau nawa ta faɗa kafin ranar ba.

Wata rana da la'asar Lami ta shigo ta same ta zaune a tabarma tana tsince shinkafa, silifas ɗin nan a ƙafarta har suna yi mata yawa. Wayar likitan na rataye a ƙusa, ta yi ƙura. Suka taɓa hira, Lami ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya dai ta kasa haƙuri.

"Amma ke ma, Jamila, tsakani da Allah. Ihu a kunnen miji? Da kin kurumtar da shi fa?"

Jamilatu ta yi dariya a hankali, irin wadda aka yarje mata.

"Ihu, Lami? Da wane numfashin? Wallahi ban ɗaga murya ba. Yadda na faɗa masa ranar sha biyu, haka na faɗa ranar talatin da ɗaya."

Ta ajiye farantin shinkafar. Ta ɗora babban yatsanta a ƙirji, ta miƙa na tsakiya har ya taɓa leɓenta.

"Dubi nan. Daga ƙirjina zuwa bakina taƙi ɗaya ne. Kwana sha tara kunnen Malam ya kasa hawowa, sai da na ɗauko shi da hannuna."